Sarauniyar Lugu da takobin da Mamani ya rataya mata

Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja suna ratsa Bargu, su yada zango a Jugu, su shigo ƙasar Kotokoli kafin su dangana da Salaga. Wasunsu ba su koma gida ba, suka yi aure, suka kafa zuriya a Didawure da unguwannin Zango na Sokode. Wasu daga jikokinsu a yau Hausa ce a tsakar gida, amma a makaranta Faransanci ake yi. Shi ya sa idan ɗalibar sakandare a Sokode ko Dafango ta nemi littafin da zai nuna mata wata Bahaushiya da ta yi suna a tarihi, wanda ya fi kusa da hannunta shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda kamfanin L'Harmattan ya buga a Faris a 1980.

Mamani ɗan Nijar ne, an haife shi a Gudumariya a 1932. Ɗan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary, kuma siyasar ta ja masa gudun hijira na shekaru, har ya zauna a Aljeriya. Da ya komo gida, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗaure shi. Mutumin da ya sha wannan gwagwarmaya, in ya ɗauki alƙalami zai rubuta labarin zuwan Nasara, ba sai an tambaye shi ɓangaren da zai tsaya ba.

Abin da ya faru kuwa ba a ɓoye yake ba. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Chadi, tana ƙona garuruwa, tana kashe mutane, tana kwashe mata da dabbobi. A tsakiyar watan Afrilu ta isa Lugu, wani ƙauyen Azna a yankin Dogon Dutsi, inda sarautar gari take hannun mace. Mutanen Lugu ba su miƙa wuya ba. Suka shige cikin sarƙaƙiyar daji suna sakin kibau, sojojin Voulet suka ƙona harsashi wajen dubu bakwai, aka kashe musu mutum huɗu, wasu suka jikkata, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba. Daga nan rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da har yau ake tunawa a Birnin Ƙonni. Cikin watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faris ta aiko ya karɓe ragamar rundunar, a kusa da Dankori, kuma bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka juya suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi.

A rubuce-rubucen Faransawan da suka yi tafiyar, rabon Sarauniya bai wuce 'yan layuka ba. Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin, ya ambace ta a littafinsa na 1930 a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta yi musu tsaurin ido. Daga wannan ɗan guntun zare, da abin da ya tsinta a bakin mutane, Mamani ya saƙa zane sukutum. Ya ba ta ƙuruciya, ya ba ta uban goyo mai suna Dawa wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani, ya ba ta masoyi da maroƙi, ya sa mata magana a baki irin ta shugaban da ke tara jama'a ba tare da ya tambayi ƙabilarsu ko abin da suke bauta wa ba. Duk wanda ya san tarihin Sawaba zai ji muryar ɗan jam'iyya a cikin jawabanta.

Anan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Sarauniya a Lugu sarauta ce, ba sunan yanka ba, kuma an ci gaba da naɗa ta bayan Mangu, wadda ta yi zamani da Voulet. Wadda aka naɗa ba mai hawan doki ba ce. Zaman ɗaki take yi, tana kaɗi da mazari, tana lura da al'amuran tsafi da roƙon ruwa da zaman lafiyar ƙasa, kuma a can ne ake zuwa wurin dutsen Tunguma neman hukunci. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun nuna cewa a bakin mutanen yankin ƙarfin Mangu na asiri ne, ba na damtse ba. Jarumar nan mai kwari da baka a gaban mayaƙa, Mamani ne ya haife ta, sannan Med Hondo ya ƙara mata tsawo a fim ɗinsa na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Ba na cewa ya yi ƙarya. Mai ƙagaggen labari yana da izinin cike gurbin da takardu suka bari. Abin da ke damuna shi ne yadda labarin ya rufe asalin ruf, har ya zama in ka ce wa ɗan makaranta Sarauniya ba lallai ta taɓa riƙe takobi ba, sai ya ga kamar ka rage mata daraja. Kai ka ce mace ba za ta shiga tarihi ba sai ta yi aikin maza. To amma macen da ta sa ƙauye ɗaya ya tsaya wa bindiga mai ruwa alhali manyan birane sun faɗi, tana daga cikin ɗakinta, ai ba ƙaramin iko ke gare ta ba.

A gwada da aikin Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato. Ita ta yi dace da gwana mai takardu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, ta bar waƙoƙi da wasiƙu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma zuriyarta ta gidan Waziri ta adana su. Waziri Junaidu ya buɗe wa Boyd taskarsa, ta fitar da The Caliph's Sister a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucen Nana a kundi guda a 1997. A can ba a buƙaci a ƙago mata takobi ba. Akwai matan da take naɗawa jaji, ta ɗora musu malfa, su koma ƙauyuka su karantar da mata 'yan taru. Sai dai aikin da Ingilishi yake, don haka yarinyar Zangon Sokode ta fi saurin jin sunan Nana a bakin malamar Islamiyya fiye da ta gan shi a shagon littattafai.

Mamani bai daɗe yana cin moriyar sunan da littafin ya yi ba. A 1993 ya rasu a haɗarin mota a hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai, inda zai karɓi kyautar adabi ta Boubou Hama. A Yamai yau akwai gidan rediyo da talabijin mai suna Saraounia, kuma an sa wa makarantu sunanta. Lugu kuwa tana nan ƙaramin ƙauye a gefen dutse, nesa da kwalta, kuma masu kai ziyara suna iske wadda ke riƙe da sarautar a ɗakinta na ƙasa, sanye da farin saƙi.