Me ke tsaida marar lahiya a hanyar gidan likita?

Hirarmu ta yau a kan wata tambaya take wadda kowa ya san ta. Ga gidan likita, ga malamin likita a ciki, me ya sa marar lahiya ba ya isa can sai abu ya ɓaci? Wasu sukan ce jahilci ne, su kama bakinsu. Wannan amsa ta yi arha. Bari mu bi sawun abin, mu fara da maganar kuɗɗi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, magani kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. Amma gidajen kaɗan ne, yawancinsu kuma a birni. Shi ya sa tun cikin shekarun 1960, a ƙasar Maradi, aka soma wata dabara. Ƙauye ya zaɓi nasa mutane, maza masu ba da taimakon gaggawa da ungozomomi. A koya musu aiki na ƴan kwanaki, a ba su akwati mai nibakin da asfirin da maganin ido da na miki. Da ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata a 1978, suka ce a kai lahiya ga kowa kahin shekarar 2000, Nijar ta riga ta kama hanyar. Sai dai waɗannan bayin Allah ba su da albashi. In akwati ya ƙare ba a cika shi ba, sai mutum ya koma gonarsa. Wa zai ga laihinsa?

Cikin shekarun 1980 aljihun gwamnati ya yi sanyi, kantocin magani suka bushe. A 1987 ministocin lahiya na Afirka suka yi taro a Bamako, suka ce jama'a su riƙa biyan wani abu kaɗan, a juya kuɗɗin a sayo magani. A 1993 aka gwada haka a ƙasarmu, iri biyu. A Say, mai ciwo shi ke biya: babba sefa 200, wato dala 40, ƙaramin yaro sefa 100. A Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji ya ƙara sefa 200 a shekara, ko da ciwo ko babu. Ran da ciwo ya zo, babba ya ba da sefa 50, yaro 25. Ku lura da abin da ya hito: a Boboye ne zuwa likita ya hi ƙaruwa, har ga talakawa da mata da yara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ciwo ba ya jiran kaka. Zazzaɓin sauro da damina yake zuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, babu ko dala a gida. Duk da haka, bayan dokar 1995, tsarin biya ran ciwo shi ya bazu a ƙasa. Ga shi a Janairun 1994 an karya darajar sefa, maganin da ake sayowa waje ya yi tsada.

Daga baya aka sassauta. A 2005 aka ce aikin hidda jariri daga ciki kyauta ne. A 2006 aka ƙara da awon ciki, da tsarin iyali, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Uwaye suka yi ta kawo yara. To amma kyauta ba ta nuhin babu mai biya. Gidan likita ya yi aiki, ya aika takarda, gwamnati ta maida masa kuɗɗinsa. A shekarun da suka biyo baya wannan biya ya riƙa makara, wata da watanni. Majo ba ya da abin sayen magani, sai ya rubuta takarda ya ce a je farmasi. Uwa ta koma gida tana cewa an cuce ta, shi kuwa hannunsa babu komi.

Yanzu mu shiga cikin gida, don nan ne abin ya hi nauyi. Mace tana naƙudar fari. An koya mata tun tana ƙarama cewa kuka wajen haihuwa abin kunya ne. Sai ta shiga ɗaki ta yi shiru, ta cije. Tsohuwa ta ce a dakata, lokaci ne bai yi ba. A jiƙa rubutu, a kawo saiwa. Mai gida ya tahi bida Legas ko Abijan ko Libiya, kuma babu mai ikon cewa a ɗaura amalanke in ba shi ba. Kwana ɗaya ya wuce, na biyu ya shiga. Kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin ya mutu. Daga nan ne yoyon hitsari ke samo asali. Ba maita ba ce, ba kuma iska ba. Kunya ado ce, babu musu, amma ba a ɗakin naƙuda ba.

Su ma ma'aikata da nasu kashi. Matar da ta yi tahiyar rabin yini aka tarbe ta da tsawa gaban mutane, da wuya ta sake dawowa, kuma sai ta gaya wa dukan mata a bakin rijiya.

A ƙasar Damagaram an gane cewa mabuɗi yana hannun maza. A 2008 aka buɗe makarantun mazan aure, tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Babu allo, babu alli. Magidanta ne masu mutunci ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, sannan su ja hankalin ƴan uwansu a majalisa da bakin masallaci. Daga baya abin ya kai sauran jihohi.

Kai mai shirin tahiya bida, kahin ka ɗauki jaka, ka faɗa gaban mahaihiyarka da ƙanenka cewa ka ba da izini. Ka aje kuɗɗin mota, ka san mai amalanken da za a tasa ko da tsakar dare. In mai ciki ta ga jini, ko ta kama jijjiga, ko naƙuda ta kai daga hitowar rana zuwa faɗuwarta ba a haihu ba, a tahi. Haka yaron da jikinsa ya yi zahi har ya kasa shan nono, kada a kwana da shi a gida.