Jos: Garin da Ke Girma a Bakin Rami

A Legas daga ruwa ake ƙwato ƙasa: tun zamanin Turawa ake cike fadamu da yashi, har aka samu wurare irin su Apapa. Jos ba ta da teku, amma ita ma tana da nata cikon, domin ramukan da haƙar kuza ta bari sun kewaye ta.

Kuzar ce ma ta haifi garin. Turawan kamfanin Neja sun iso tsaunin Jos a farkon ƙarni na 20, suka fara zama a Naraguta. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafanchan ya biyo baya a 1927, aka riƙa kai kuza Fatakwal a loda wa jiragen ruwa zuwa Ingila. Leburori suka kwararo daga Kano, Bauchi, Barno da kudu, kowa da kwanonsa a ka. Su kuwa 'yan asalin wurin, Birom da maƙwabtansu, gonakinsu ne aka yi ta kwashewa.

Sai a 1946 doka ta tilasta gyara wurin da aka haƙa. Gyaran kuwa bai wuce a baje tulin ƙasa a dasa itatuwan turare ba, kuma kaɗan ne cikin filin da aka ɓata, wanda ya kai murabba'in kilomita 300, ya samu ko da wannan. Ƙasar sama mai albarka ta riga ta nutse ƙarƙashin tsakuwa. An dai rufe rami, gona ba ta dawo ba.

Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, kamfanoni suka watse, ramukan da suka zama kududdufai suka zauna. Wasu sun yi rana: da ruwansu 'yan lambu ke noman kabeji, karas da tumatir, na Rayfield kuma ya zama wurin shaƙatawa. Wasu kuwa sun ci yara da dabbobi.

Yanzu da Jos ta miƙe har ta haɗe da Bukuru, a kan wannan ƙasa ake yanka fuloti. Ciko yakan ɗauki shekaru yana zama, shi ya sa bango ke tsagewa bayan damina biyu ko uku. Kafin ka biya dillali, nemi tsohon da ya yi lebura a unguwar, ka tambaye shi inda ramin yake a da.