Shiga Cameron da Rigar Abokan Hamayya: Abin da Baƙo Ke Tararwa a Gidan Duke

Yau hirar tamu ta ƙwallon kwando ce, amma ba ta NBA ba. Za mu leƙa wata jami'a a Amurka, mu shiga zauren wasanta a matsayin baƙi, wato mu ne muka zo da rigar abokan hamayya. Sunan zauren Cameron Indoor Stadium, gidan ƙungiyar Jami'ar Duke da ke garin Durham a jihar Karolina ta Arewa.

Ga abin da ya sa na zaɓe shi. Mutum 9,314 kacal yake ɗauka. Akwai zaurukan jami'o'i a Amurka da ke ɗaukar sama da mutum 20,000, amma idan ana lissafin wuraren da baƙi suka fi shan wuya, da wuya ka ji an tsallake wannan ɗan ƙaramin. To me ke cikinsa? Kuma kai da ka zo goyon bayan wata ƙungiya, zuwan naka zai biya kuɗinka?

Kafin mu shiga, bari in share hanya ga wanda bai saba ba. A Amurka ƙwallon jami'a ba wasan yara ba ne. Ana nuna shi kai-tsaye a talabijin, kuma daga nan yawancin taurarin NBA suke fitowa. Kakar tana farawa a Nuwamba, ta kai ga babbar gasar ƙasa a watan Maris. Wasan maza rabi biyu ne, kowanne minti 20, kuma ɗan wasan da ya yi keta sau 5 ya fita ke nan. Duke ta ɗauki kofin ƙasa sau 5: 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015, duk a hannun koci ɗaya, Mike Krzyzewski. Kada rubutun sunan ya firgita ku, "Shashefski" ake cewa, su kansu Amurkawan sun gaji sun koma kiransa Koci K. Ya riƙe ƙungiyar daga 1980 har 2022. Grant Hill, Kyrie Irving, Jayson Tatum, Zion Williamson, duk nan suka bi. Luol Deng na Sudan ta Kudu ma haka. Jahlil Okafor kuma, wanda ya ci kofin 2015 da su, daga baya ya saka wa Najeriya riga a gasar Olamfik ta Tokyo.

Babbar abokiyar gabar Duke ita ce Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, wadda ake taƙaita sunanta da UNC. Tsakaninsu bai wuce tafiyar minti 20 a mota ba. Duka biyun shuɗi suke sawa, na Duke mai duhu, na UNC mai haske kamar sararin sama. To mu ɗauka yau mai hasken ne a jikinka.

Abu na farko: kana iya wuce ginin ba ka sani ba. Daga waje bai yi kama da filin wasa ba sam. Ginin dutse ne irin na sauran gine-ginen jami'ar, sai ka rantse ɗakin karatu ne. An buɗe shi ranar 6 ga Janairun 1940, Duke ta doke Princeton da ci 36 da 27. A lokacin sunansa Duke Indoor Stadium, sai a 1972 aka saka masa sunan Eddie Cameron, tsohon koci kuma shugaban wasannin jami'ar. Wanda ya jagoranci zana yawancin gine-ginen wannan ɓangare na jami'ar, har da zauren, baƙar fata ne mai suna Julian Abele. Ya rasu a 1950, alhali sai a 1963 Duke ta fara ɗaukar baƙar fata karatun digirin farko. A 2016 aka saka sunansa a babban dandalin jami'ar.

Idan a Janairu ko Fabrairu ka zo, kafin ka kai ƙofa za ka ga tantuna jere a kan ciyawa. Ɗalibai ne. Su ba sa biyan kuɗin shiga, amma gurbinsu ƙayyadadde ne, don haka layi ake bi, kuma layin wasan UNC makonni yake ɗauka. Tun 1986 aka fara wannan al'ada, har wurin ya samu suna Krzyzewskiville, wato garin Koci K. Tanti ɗaya na mutum har 12 ne. Akwai ɗalibai masu kula da layi da ke busa jiniya ko da tsakar dare don a duba ko da mutane a tanti. Idan aka yi ta samun tantinku wayam, kun rasa gurbinku. Duk wannan cikin hunturun Amurka, ga darasi da safe.

Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne ke fassara abin da za ka gani a ciki. Wanda ya kwana makonni a sanyi saboda wasan awa biyu, ba zama zai zo yi ba.

Yanzu mun shiga. Rufin a kusa yake, kujerun sama na katako ne, ga tutocin kofuna da rigunan tsoffin taurari suna reto a kanka. Wurin ya matse har masu sharhin talabijin ba su da gurbi a ƙasa, can sama kusa da rufi aka yi musu wata 'yar rumfa. Amma ainihin sirrin gidan yana ƙasa. A yawancin manyan zauruka, kujerun bakin fili na masu hannu da shuni ne. A Cameron, ɗalibai aka ba wa. Masu digirin farko sun cike tsawon gefe guda, masu karatun gaba da digiri suna bayan kwanduna, su kuma masu kuɗi da tsoffin ɗalibai suna sama. Waɗannan ɗaliban su ake kira Cameron Crazies, a Hausance dai mahaukatan Cameron. Fuska da jiki sun sha shuɗin fenti, kuma a tsaye suke daga farko har ƙarshe.

Kusancin ya kai idan ɗan wasanku ya tsaya a gefe zai jefo ƙwallo, sai hannuwa su miƙo ta bayansa, yatsu na kaɗawa dab da wuyansa. Ba sa taɓa shi, amma yana ji a jikinsa. Idan Duke ke tsaron gida, sai su yi ta tsalle tare suna wata doguwar ƙara har ka ji benci na motsi. Kafin wasa ana raba musu takarda mai ɗauke da bayanan 'yan wasan baƙi, don tsokanar ta tafi da murya ɗaya. Idan naku ya jefa ƙwallo ba ta ko taɓa baki ba, zai ji labari duk lokacin da ta sake zuwa hannunsa. Idan kuma ya cika keta 5, za su raka shi da ɗaga hannu, su jira sai ya zauna sannan su yi masa sallama gaba ɗaya.

Kai kuma ɗan kallo fa? Ƙungiyar baƙi tana samun 'yan kujeru a bayan bencinta, yawanci iyalan 'yan wasa da jami'ai ne ke cinye su. Saboda haka ƙila a sama za ka samu wuri, kai kaɗai tsakanin masu shuɗi mai duhu. Idan naku suka jefa, tafinka kaɗai za ka ji. Idan aka jefa muku, sai ka ga kamar ginin zai rufto. Za a tsokane ka, wannan babu makawa. Amma mutanen sama yawancinsu manya ne da suka shekara suna zuwa, tsokanar ta baki ce, irin ta abokan wasa.

Ba kullum abin ya tsaya iya raha ba, gaskiya. A Janairun 1984 ɗalibai sun wuce gona da iri wajen cin mutuncin wani ɗan wasan Maryland, har jaridu suka yi musu ca. Shugaban jami'ar na lokacin, Terry Sanford, ya rubuta musu wasiƙa cewa tsokana da basira daban, rashin kunya daban. A wasan UNC da ya biyo baya sai ga su da alluna suna yi wa kocin baƙi, Dean Smith, barka da zuwa, kuma idan alƙalin wasa ya yanke hukuncin da bai yi musu ba, maimakon zagi sai su rera masa cewa suna neman afuwa, ra'ayinsu ya sha bamban. Ladabin ma ya koma makamin tsokana.

Don ku ga cewa tsarin zaman nan ne ke aiki, mu leƙa maƙwabta. UNC ta buɗe nata zauren, Dean Smith Center, a 1986, yana ɗaukar mutum 21,750, ya ninka Cameron har da ɗori. Da gudummawar masu kuɗi aka gina shi, su kuma aka saka musu da kujeru mafi kyau, ɗalibai da yawa suka koma nesa. A 1991 Sam Cassell na Florida State, bayan sun ci wasa a can, ya kwatanta 'yan kallon da masu zaman cin cuku da kurɓar giya a natse. Maganar ta bi su shekaru, har daga baya aka ware wa ɗalibai wurin tsayuwa a bayan kwando ɗaya. Kun ga ke nan ba yawan kawuna ne ke kawo zafi ba. Wanda aka ajiye kusa da fili shi ne magana.

To sai ɓangaren da ba daɗi. Ƙanƙantar da ke ba gidan kwarjini, baƙo ne ke biyan kuɗinta. Ɗalibai sun ɗebi nasu, masu tikitin shekara sun riƙe nasu, abin da ya rage kaɗan ne, sai dai ka saya a hannun masu sayarwa. Na wasan UNC yakan kai dubban daloli. Haka aka yi a Fabrairun 2019: mutane suka zuba kuɗi don ganin Zion Williamson, har Barack Obama na zaune a bakin fili, sai takalmin Zion ya yage ƙasa da minti ɗaya da farawa, ya ji rauni a gwiwa ya fita, UNC ta ci wasan. Bayan tsada, kujerun a matse suke, mai dogayen ƙafafu zai ji jiki. Hanyoyin ciki ƙanana ne, lokacin hutun rabi kowa na gugar kowa. Sai a farkon shekarun 2000 aka saka na'urar sanyaya ɗaki, kafin nan zufa ce ke bin kowa ko da ana hunturu a waje. Wanda ke neman faffaɗar kujera da abinci kala-kala, ba nan ba ne.

Shin duk wannan hayaniya tana cin wasa? Ga abin da aka gani. Daga 2000 zuwa 2019, Duke ta yi wasa 150 a jere a gida da ƙungiyoyin da ba na rukuninta ba, ba wanda ya doke ta. Tabbas tana da gwanaye, kuma da yawa daga cikin baƙin ba sa'o'inta ba ne, don haka ba za a ba ihu duka ladan ba. Amma 150 ba wasa ba.

Sai ranar 26 ga Nuwamban 2019. Duke ce ta ɗaya a ƙasar, baƙin kuma wata ƙaramar jami'a ce daga Texas, Stephen F. Austin. Aka tafi ƙarin lokaci, ana kunnen doki, ƙwallo ta kuɓuce wa Duke, wani matashi ɗan ƙasar Bahamas, Nathan Bain, ya ruga da ita ya jefa daidai lokacin da agogo ya cika: 85 da 83. Watanni kaɗan kafin nan guguwar Dorian ta lalata gidan iyayensa, kuma bayan wannan jifa gudummawa ta yi ta kwarara musu.

Sai kuma 5 ga Maris 2022, wasan ƙarshe na Koci K a Cameron. Tsoffin 'yan wasansa sun cika wurin, an shirya biki, UNC ta zo ta ci 94 da 81. Koci K da bakinsa ya shaida wa jama'a cewa abin da ya faru ranar ba abin karɓa ba ne. Ka yi tunanin kana cikin 'yan tsirarun masu shuɗi mai haske a daren nan, mutum dubu tara sun yi tsit, muryarka ce ke tashi. Wannan shirun shi ne ladan baƙo a Cameron, kuma yana da daɗi ne saboda ba kasafai ake samunsa ba.

Hukuncina ke nan. Wajen jin daɗin zama, zauren yana baya. Wajen farashi, yana da ciwo. Wajen ganin fili, da kyau, domin ƙanƙantarsa ta sa ba ka nisa da wasan. Wajen yanayi kuwa, da wuya ka samu na biyunsa. Idan hanya ta taɓa kai ka Durham, ta karatu ko ta ziyara, kada ka nace wa wasan UNC. Nemi na Nuwamba ko Disamba da ƙaramar ƙungiya, tikitin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ka tabbatar ɗalibai ba su tafi hutu ba, domin in babu su rabin abin ya tafi. Ka je da wuri. Ka sa rigarka ba tare da ɓoyewa ba, ka yi wa naka tafi, in an tsokane ka ka yi dariya. Baƙon da ya iya zama, gida ma yana jin daɗinsa.

Mu da ke kallo ta waya daga nan kuwa, wasan ƙarfe 7 na yamma a Durham ƙarfe 1 na dare ne a Kano ko Zinder a lokacin hunturu. In ka daure ka farka, kada ka bi ƙwallo kawai. Duk sanda za a jefo ta daga gefe, dubi hannuwan da ke bayan mai jefowar, ka kuma dubi fuskarsa.

Nan za mu tsaya a yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.