Yadda Aka Shirya Da Mutanen Siyam Bayan Yaƙi

Siyam, wadda ake kira Tailan yanzu, ƙasa ce a gabashin Burma inda sojanmu suka yi yaƙi. Ita kaɗai ce a wannan yanki Turawa ba su taɓa mallaka ba. Da aka gama yaƙi a 1945, sai gardama ta tashi tsakanin Ingila da Amurka a kanta: abokiyar gaba ce da aka ci, ko kuwa ƙasa ce da aka ƙwato daga hannun Japan?

Ga asalin maganar. Ran 8 ga Disamba 1941 rundunar Japan ta sauka Siyam. Firayim Minista Fibun Songkram ya ga faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, ya ba su hanya, kāna ya ƙulla amana da su. Ran 25 ga Janairu 1942 ya yi shelar yaƙi da Ingila da Amurka. Ingila ta amsa masa da yaƙi. Amma jakadan Siyam a Washinton, Seni Pramoj, ya ƙi bin gwamnatinsa, ya shiga tara 'yan ƙasarsu don su taimaki Amurka. Saboda haka Amurka ba ta ɗauki Siyam abokiyar gaba ba. A cikin gida kuma mai riƙon sarauta, Pridi Fanomyong, shi ne shugaban masu yi wa Japan zagon ƙasa. Ran 16 ga Agusta 1945 ya yi shela cewa shelar yaƙin nan ɓatacciya ce, ba da yardar jama'a aka yi ta ba.

To, Ingilishi ba su ga ya kamata a shafe laifi da baki kurum ba, kuma suna da hujja. Ta ƙasar Siyam Japanawa suka bi suka faɗa wa Malaya da Burma. A 1943 kuma Siyam ta karɓi jihohi 4 na Malaya da 2 na ƙasar Shan daga hannun Japan. Bayan wannan ga yunwa a Malaya da Indiya, Siyam kuwa rumbun shinkafa ce. Sai suka ce ta mai da ƙasashen, ta biya hasara, ta kuma ba da shinkafa tan 1,500,000 kyauta.

Amurka ta ce sharuɗɗan sun yi tsanani, za su karya mutanen da suka taimake ta a ɓoye, su kuma bar cinikin ƙasar a hannun Ingila. Ta yi ta matsa wa Landan har aka rage waɗansu. Aka fara shawara a Kandi ta tsibirin Silon, aka sa hannu a Singafo ran 1 ga Janairu 1946. Shinkafar kyauta kuwa ba ta taru ba, gama ba mai rabuwa da hatsinsa a banza alhali ana sayensa da tsada a ƙetaren iyaka. A watan Mayu aka koma ga saye.

Saura Faransa. A 1941 Siyam ta karɓe mata yankunan Lawos da Kambodiya, har da Battambang. A nan Amurka ba ta goyi bayan Siyam ba, don ƙasar da aka samu da ƙarfin Japan ba ta halatta ba. Faransa ta ce muddin ba a mayar ba za ta hana Siyam shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka daidaita a Washinton a Nuwamba 1946, aka karɓi Siyam a Majalisar a Disamba.

Mai karatu ya duba ya gani: duk abin da Siyam ta ci a inuwar Japan ta amayar da shi, amma mulkin kanta bai suɓuce mata ba. Abin da ya tsirar da ita shi ne a tsakiyar yaƙi ta sami waɗanda suka riƙe zumunci da ɗaya gefen, kuma waɗanda suka ci nasara bakinsu bai zo ɗaya ba.