Daga PUBG Zuwa Olamfik: Yadda 'Yan Gasar Harbi Ke Shawo Kan Bugun Bindiga

Da wuya a samu mai wayar zamani da bai ci karo da hoton Yusuf Dikec ba a lokacin gasar Olamfik ta Paris 2024. Ɗan Turkiyya ne mai shekara 51 a lokacin, ga furfura, hannu ɗaya a aljihu, ya saita ƙaramar bindiga kamar wanda ya fito shan iska. Shi da abokiyar wasansa Sevval Ilayda Tarhan suka ci lambar azurfa. An yi ta raha da hoton a Facebook da TikTok, amma kaɗan ne suka tambayi me ya sa bindigar ba ta ko motsi a hannunsa.

Masu buga PUBG Mobile da Call of Duty sun san matsalar. Da ka danna harbi, bakin bindiga ya ɗaga sama, sai ka ja shi ƙasa da babban yatsa ko ka karkata wayar. Wannan shi ne bugun baya: harsashi ya tafi gaba, bindiga ta tunkuɗo mai ita. Tsofaffin maharba a Gummi da suka saba da adaka ba sa buƙatar bayani, kafaɗarsu ta sha.

A wasan waya kai ne ke kokawa da bugun. A gasar gaske kuwa injiniyoyi sun ɗauke rabin aikin tun daga masana'anta.

Bindigar da Dikec ya riƙe ba ta amfani da albarushi. Iska ce da aka matse a ɗan tulun ƙarfe ƙarƙashin bututu take tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, nauyinta kusan rabin giram. Daga nisan mita 10 ake harbi, da hannu ɗaya, kuma da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal, wato ba ta kai katin SIM ɗin wayarka ba. A irin wannan ma'auni, girgizar da ido ba ya gani ta isa ta raba mutum da lambar yabo. Shi ya sa kamfanin Steyr na Austiriya ya sa wani ɗan nauyi a cikin samfurinsa na LP10, wanda ke zamewa baya a daidai lokacin da ƙwayar ke tafiya gaba, sai motsin biyu su kashe juna. Dabarar ta yi kama da ta kyamarar waya mai hana hoto rawa.

A gasar mita 25 ta saurin harbi ne abin ke ƙara zafi, don nan harsashi ne na gaske, samfurin .22 LR. Allo biyar ne a jere, a harbe su cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Idan bakin bindiga ya yi tsalle, lokacin dawo da saiti ya cinye ka. Kamfanin Pardini na Italiya ya jera ƙananan ƙarafa masu sifirin a gefen bututu don su shanye tsallen. Sauran aikin na jiki ne: a kulle wuyan hannu, a riƙe da ƙarfi iri ɗaya kowane harbi, a ja kunama a hankali. Manyan 'yan wasa ba sa neman hana bindiga motsi gaba ɗaya, so suke ta motsa iri ɗaya kullum ta dawo inda ta tashi.

Zaɓen harsashi ma haka yake. Mai ƙarfi ba shi da kasuwa a nan, an fi son wanda gudunsa bai kai na sauti ba, mai taushin bugu. Har hukumar wasan ta duniya, ISSF, ta ga abin zai wuce gona da iri: daga 2005 ta hana ɗan guntun harsashi .22 Short, kuma ta gindaya cewa gudun harsashi kada ya gaza mita 250 a daƙiƙa. Ɗan wasa kan ɗaure bindigarsa a maƙala, ya gwada rukuni daban-daban na Eley ko Lapua, wanda ya fi taruwa wuri ɗaya ya saye shi da yawa. Ko gwangwanin ƙwayar iska na RWS da H&N za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50, bambancin da bai kai kaurin gashi ba.

Waya ma ta shigo ciki. Na'urar MantisX ana maƙala ta a bindiga, ta aika wa waya zanen rawar hannu ta Bluetooth, ko da babu harsashi. Sai dai a sani, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin haramtattu, ta iska ma sai da lasisi. A jihar da ƙarar bindiga ke nufin zaman makoki, wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma batun da mutanen Anka da Bukkuyum suka fi kowa sani. Waɗannan ƙwayoyi da harsasai dalma ne. A 2010, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, kafin likitocin MSF su fara magani a kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Gubar nan ce ta sa filayen harbi na cikin gini ke da injinan zuƙe iska, ake hana cin abinci a ciki, ake kuma umartar 'yan wasa, musamman yara, su wanke hannu da sun gama. Kamfanoni sun fito da ƙwayoyin kuza marasa dalma, amma sun fi sauƙin nauyi da tauri, kuma har yanzu manyan 'yan wasa da dalma suke shiga gasa.