Gidan Wasan Ƙasa na Accra: An rushe tsakar gida an gina jirgi

Duk wanda ya bi ta mahaɗar titin Independence da titin Liberia a birnin Accra ba zai rasa ganin wani farin gini mai kama da jirgin ruwa ba. Shi ne Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasar Ghana, wanda ƙasar Sin ta gina, aka buɗe shi a watan Disamba na 1992, zamanin mulkin Jerry Rawlings. Babban zaurensa na ɗaukar mutum kusan 1,500.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, ba a fili fetal aka dasa ginin nan ba. Kafinsa akwai wani ɗan ƙaramin gidan wasa a wurin mai suna Ghana Drama Studio, wanda marubuciya Efua Sutherland ta kafa a farkon shekarun 1960 da goyon bayan Kwame Nkrumah. Ita fa ba ta so tsarin Turawa na dandamali can sama, 'yan kallo can ƙasa sun yi tsit. Sai ta tsara wurin kamar tsakar gida, jama'a su kewaye 'yan wasa, a yi waƙa a amsa, kamar yadda ake tatsuniyar Ananse, wato Gizon mutanen Akan. Da za a gina sabon gidan sai aka rushe wannan, aka je aka gina irinsa a jami'ar Legon.

To, an samu girma, ba a musu. Ƙungiyoyin ƙasa uku ne ke zaune a ciki: ta rawa, ta wasan kwaikwayo da ake kira Abibigromma, da ta makaɗan zamani da aka kafa tun 1959. Amma su wa suka cika kujerun? 'Yan Concert Party ne, masu barkwancin nan da Twi da a da suke yawo gari-gari cikin mota. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Unilever ya ɗauki nauyinsu don tallar sabulun Key Soap, gidan talabijin na GTV yana nunawa. Nan Bob Okala da Nkomode suka yi tashe, nan Agya Koo ya fito kafin ya koma fim. Direba, tela, mai sayar da kenkey, kowa ya san ƙofar gidan. Wasu masu ilimin boko sun yamutsa fuska, wai an mayar da gidan ƙasa kasuwa. A ganina dai, lokacin ne ginin ya fi kusa da abin da Sutherland take nufi.

Daga baya wasannin Uncle Ebo Whyte na kamfanin Roverman, da suka fara a 2008, sun ja jama'a sosai, galibi da Turanci, kuma tikitin ba na kowa ba ne. Gini irin wannan yana cin kuɗi, ga lantarki, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga gyara, shi ya sa ake ba da hayar zauren ga taruka da bukukuwan ba da kyauta. Ƙaramar ƙungiya kuwa, kuɗin haya kaɗai ya isa ya mayar da ita gida.

Daga Nima ko Maamobi zuwa gidan wasan nan tafiyar 'yan mintoci ce a trotro. Zangon cike yake da mawaƙa da masu shirya fim, amma da wuya ka ji an sa wasan Hausa a babban zauren.