Idan Elektirod Ya Saki Fata: Matsalar Hoton Huhu da Lantarki

Akwai hanyar ɗaukar hoton cikin ƙirji da ake kira EIT, wadda ke aiki da ɗan ƙaramin lantarki da majinyaci ba ya ko jin sa, kuma David Barber da Brian Brown na Jami'ar Sheffield ta Ingila ne suka fito da ita a farkon shekarun 1980. Tushenta shi ne jini yana ba lantarki hanya, iska kuwa tana tare shi, saboda haka huhun da ya cika da numfashi ya fi wanda ruwa ya kwanta a cikinsa turjiya. Akan ɗaura wa majinyaci ɗamara mai elektirod 16, wato ƙananan faya-fayan da ke manne da fata, na'ura ta tura lantarki ta biyu daga cikinsu ta auna a sauran, ta yi ta zagayawa har ta tara awo 208, waɗanda kwamfuta ke mayarwa hoto guda.

Raunin hanyar yana wurin da faifai ya haɗu da fata, domin elektirod ɗaya yana da hannu a awo 52, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma idan ya ɗage, kuskuren kan bazu cikin hoton har ya nuna tabo a inda huhu ke lafiya lau. Masana sun tunkari abin ta fuska biyu. Ta farko ita ce gano mai laifin, bisa ƙa'idar cewa idan aka musanya faya-fayan da suka tura lantarki da waɗanda suka auna, dole amsar ta zo daidai, duk inda ta saɓa kuwa nan ne abin zargi. Ta biyu, wadda Andy Adler na Kanada ya bayyana a 2004, ita ce a umarci kwamfuta ta ɗauki awon wannan faifai a matsayin marar tabbas, ta gina hoton da sauran, kodayake gefen da abin ya shafa yakan ɗan dusashe.

Na'urar, irin PulmoVista ta kamfanin Dräger, ta fi yawa a ɗakunan kulawa ta musamman na manyan asibitoci, amma da yake ana kai ta bakin gado kuma ba ta da illar hasken eksire, ta cancanci a yi tunaninta domin yaran ƙauyukan El Allassane Maïreyrey, a yankin Maraɗi, da ciwon huhu ke sa a garzaya da su asibitocin Mayahi da Tasawa. Sai dai yanayin yankin Maraɗi zai gwada ta, domin hunturu yana busar da fata har ta yi kaushi, zufar bazara tana zamar da faifai, man da uwaye ke shafa wa yara yana tare lantarki, sannan ƙirjin yaron da tamowa ta ramar da shi haƙarƙari ne a tsaye, ɗamara ba ta kwanciya a ramukan da ke tsakaninsu.

Masu binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin haƙa rijiyar burtsatse sun san irin wannan, don idan suka kafa sandunan awonsu a busasshen rairayi sai sun zuba ruwan gishiri a gindinsu lantarki ke shiga. Haka ma ma'aikacin jinya zai goge mai, ya jiƙa fata, ya zaɓi ɗamarar da ta yi daidai da ƙirjin, ya kuma duba alamar kowane faifai a allo kafin likita ya yanke hukunci da hoton.